Masarar bisashe: tsawon kara ba shi ne auki ba

 

An ce in yi magana a kan masara, amma masarar da ake nomawa don bisashe, wadda ake yankewa ɗanya, a daddatsa, a danne cikin rami ko tano, a rufe ta yi tsami, a ajiye har bazara. Malaman gona a nan suna ce ma wannan aiki ansilaji, a Najeriya za ku ji sailej. Ni zan riƙa cewa tsimi, don shi ne abin da ake yi: tsima ciyawa ake, kamar yadda mata ke tsima gasara.

Kowa a nan ya san abin da watan 4, watan 5 da watan 6 ke yi ma dabba. Ciyawa ta ƙare, damin harawa ya yi tsadar da sai mai ragon layya, buhun dusa ya hau, saniyar da ke ba da nono ta ƙafe, a kai ta kasuwa dillali ya taya ta kamar yana yi maka alfarma. Kusan kowace shekara ma'aikatar kiwo na fiddo lissafin ciyawar ƙasa, kuma sau da yawa giɓin da ake faɗi na miliyoyin tan ne. To cikin wannan hali ne maganar tsimin masara ta fara yawo, a waya, a taro, a bakin masu saida iri. Ana turo maku hoton masara ta fi mutum tsawo, a ce ga irin da zai fidda ku daga wahala. Tambayar da ake yi mini kullum ita ce: wane iri ya fi? Amsar da zan ba ku yau ita ce yadda za ku gane da kanku, don irin da ya fi a Gaya ba lalle ba ne ya fi a Jiratawa ko a Magarya.

Mu fara da ruwa, ruwan da ke cikin karan kansa. Ɗanyar masara, in tana shaƙaf, kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Saniya ba ta ƙiba da wannan ruwa, da busasshen abin da ya rage take ƙiba. Bari in ba da misali da lissafi, misali ne kawai don a gane. Iri na farko dogo ne, ka yanke eka guda ka samu tan 40, amma busasshen abin da ke ciki kashi 22 ne. Abincin gaske ke nan tan 8 da kilo 800. Iri na biyu gajere ne, tan 30 ya ba ka, amma busasshensa kashi 33. Shi kuwa tan 9 da kilo 900. Wanda ya tsaya bakin gona yana kallon tsibi zai rantse na farko ya yi nasara, ya fi da tan 10. Alhali na biyu ya fi shi da kilo 1.100 na abinci. Ma'aunin da ma'aikatar kiwo ke aiki da shi shi ne dabba mai kilo 250 tana cin kilo 6 da kwata na busasshen abinci a yini. Ku raba ku gani: wannan bambanci abincin saniya guda ne na kusan wata 6. Ga kuma wahalar ɗaukar tan 10 na ruwa a amalanke, da haƙa masa rami.

Kuma abin bai tsaya nan ba, don masara mai ruwa da yawa ba ta tsimuwa da kyau. In ka danne ta, ruwan zai tsiyaye ƙasan rami, ya tafi da zaƙin da ke cikin kara. Wannan zaƙi kuwa shi ne abincin ƙwayoyin halittar da ke kawo tsami, ƴan uwan waɗanda ke mai da madara kindirmo. In iska ba ta shiga ba, kuma zaƙi ya wadata, su ne ke rinjaye, tsami ya sauka da sauri, cikin sati 3 abin ya zauna, babu abin da zai ƙara ruɓa. In ruwa ya yi yawa, wasu ƙwayoyin daban ne ke cin kasuwa, ka buɗe rami ka ji wari kamar na man shanun da ya lalace, dabba ta sunsuna ta kau da kai. In kuma ya bushe da yawa, ba ya dannuwa, iska ta maƙale a tsakani, ya yi zafi, ya yi hunhuna. Inda ake so shi ne busasshen abu kashi 30 zuwa 35. Duk irin da ba zai kai ka nan ba kafin ruwanka ya ƙare ko kafin zafi ya kama shi, komai tsawonsa, bai dace da gonarka ba.

Sai goyo. Nan ne nake son a saurara, don nan ne aka fi yin asara. A masarar da ta yi kyau, goyon kaɗai na iya kai kashi 40 har zuwa rabin busasshen nauyin shukar duka. Kuma ƙarfin abincin, abin da ke zama nono da kitse, mafi yawansa cikin ƙwayar yake. Kara, musamman na ƙasa mai kauri, akwai itace cikinsa wanda tumbin saniya ba ya iya narkarwa. Ganye ya fi kara, ƙwaya ta fi ganye. Saboda haka in kun ga iri biyu, ɗaya ya yi mita 3 da ɗan siririn goyo, ɗaya mita 2 da goyo cikakke har baki, kar tsawo ya ruɗe ku.

A ƙasar Indiya akwai irin da aka fitar musamman don ciyawa. Akwai African Tall, wanda aka fitar a Kolhapur a farkon shekarun 1980, akwai J-1006 na jami'ar noma ta Punjab. African Tall ya ci sunansa, dogo ne, mai ganye da yawa, kuma masu shanun nono a can suna yanka shi ɗanye su ba dabba. Amma irin wannan masara tana ɗaukar lokaci, tana shan ruwa da taki, kuma ku da kuka san iskar farkon damana kun san abin da take yi ma duk abin da ya yi tsawo. Masarar da ta kwanta ta kwashi ƙasa, ƙasa kuwa in ta shiga rami ɓata tsimi take. Ban ce kar a gwada ba. Na ce a gwada a fangali 2 ko 3 kafin a ba shi eka.

Mu dawo gida. Irin da muka sani, waɗanda INRAN ke riƙe da su, akwai P3 Kollo, akwai CET, akwai Maka, sannan ga Nagode, shi iri ne mai aure, abin da ake cewa ibrid. Daga Najeriya kuma ana shigo da jerin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da Oba Super. Duk waɗannan don ƙwaya aka zaɓe su, don tuwo da koko da abincin kaji. In ka karɓi takardar iri za ka ga kwana nawa yake yi, launin ƙwaya, tan nawa na tsaba yake badawa a eka. Abin da makiyayi ke nema, wato nawa ne nauyin kara da ganye, shin ganyen na zama kore har goyo ya nuna, shin dabba na narkar da shi, da wuya ka gan shi a takarda. Wannan ba laifin iri ba ne, tambayar ce ba a saba yi ba. Kuma ina ganin lokaci ya yi da ƙungiyoyinmu za su riƙa yin ta, a Tarna, a Kollo, a duk inda masu bincike ke gwajin iri: in kun auna tsaba, ku auna muna kara, ku faɗa muna da Hausa.

Amma kar a raina irin ƙwaya. Tunda na ce ƙarfin tsimi a goyo yake, irin da ke bada ƙwaya da kyau a ƙasarka ya riga ya yi rabin tafiya. Abin dubawa shi ne tsawon kwanakinsa. Iri mai sauri, na kwana 80 zuwa 90, ba ya tara jiki da yawa, amma yana kai ka ga nuna da ƙaramin ruwa. Iri mai kwana 110 zuwa 120 ya fi tara jiki, amma kowane sati da ya ƙara, ban ruwa ne ya ƙaru. Masara na son ruwa milimita 500 zuwa 800 kafin ta gama, ga shi ba ta yafe ƙishi lokacin fure. A Gaya da bakin kogi, damana kan iya ɗauke ma mutum wannan nauyi. A gulbin Maraɗi, a Ƙonni, a Maggiya, a Korama, masarar rani da inji ake shayar da ita, inji kuma da mai yake tafiya. Saboda haka lissafin da ya dace da mu shi ne: litar mai nawa na ƙona kafin in samu kilo 100 na busasshen abinci? Da wannan ma'auni, sau da yawa gajeren iri na iya ba dogo kunya.

Ga kuma zafi. In zafi ya haura digiri 35 lokacin da masara ke fure, garin furen na mutuwa, gemun ya bushe, ka samu totuwa mai gibi-gibi. Wanda ya shuka iri mai dogon kwana a watan 1, furensa zai faɗa cikin zafin watan 3 zuwa na 4. Zai samu kara, ba zai samu goyo ba, ya zo yana cewa iri ne ba shi da kyau. Wanda ya shuka watan 11 ya tsallake wannan, sai dai sanyin hunturu zai ɗan ja masa kwanaki, ya wuce abin da aka rubuta a takarda.

Wani zai ce, to ibrid fa? Ibrid na da abu guda da ke da daɗi ga mai tsimi: gonar na nuna tare, ka yanke rana ɗaya. Kuma in ya samu taki da ruwa yana bada abin mamaki. Amma kowace shekara sai ka sayi sabon iri, in ka maida na bara sai ya rarrabu, ya ragu. P3 Kollo da ire-irensa kana iya ajiye irinka shekara 2 ko 3, in ba a cakuɗa gonar da wata masara kusa ba. Kowa ya dubi aljihunsa. Akwai kuma masarar da ake tallata da cewa ta fi gina jiki, kamar Obatanpa da Gana ta fitar a 1992, wadda a Najeriya ake kira SAMMAZ 14. Gaskiya ne, ga yaro da kaza tana da amfani babba. Amma saniya da tunkiya ƙwayoyin cikin tumbinsu ne ke haɗa masu irin wannan sinadari, saboda haka kar ka biya ƙarin kuɗi don wannan dalili in ramin tsimi za ta shiga.

Tunda mun zo nan, in faɗi wani abu da masu talla ba su cika faɗi ba. Tsimin masara, kowane iri ne, sinadarin gina jikinsa kashi 7 zuwa 8 ne kawai. Saniyar Azawak da ake tatsa na buƙatar abin da ya kusa ninka haka. Masara ƙarfi take badawa. Sai ka haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, ko tunkuza, ko angurya, ko ƴaƴan gawo. Wanda ya ba saniya tsimi zalla ya ga nono bai ƙaru yadda aka yi masa alkawari ba, ga dalilin nan.

Yanzu yaya za a gwada? Ba sai an jira wani aiki mai mota fara ya zo ba. Ƙungiya guda na iya yi a garka guda. Ku ɗauki iri 3 ko 4, har da wanda kuka saba shukawa, don shi ne ma'auninku. Ku shuka rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, tazara ɗaya. In kun yi santimita 80 tsakanin layi, 40 tsakanin rami, ƙwaya 2 a rami, kun samu shuka 62.500 a eka. Kowane iri ku sa shi wuri 3 daban-daban cikin garkar, don kar wani ya faɗa inda aka taɓa ɗaure shanu a ce shi ne gwani. Lokacin yanka, ku bar layin gefe, ku auna na tsakiya.

Kuma kar a yanke su rana ɗaya, kowane iri da ranarsa. Ga yadda ake gane ranar. Ka karya goyo biyu, ka dubi ƙwayoyin da ke fuskar rabin da ke wajen tsini. Za ka ga wani layi ya raba ƙwaya, sama ta yi tauri, ƙasa wajen totuwa da sauran madara. In layin ya kai tsakiyar ƙwaya, lokaci ya yi. Galibi sati 5 zuwa 6 ne bayan fitar gemu. A zafinmu abin na gudu, kwana 7 na sakaci ya isa ya wuce da kai. Ka ƙara da gwajin hannu: ka daddatsa, ka dunƙula cikin tafi ka matse da ƙarfi. In ruwa ya ɗiga, da saura. In ka buɗe hannu dunƙulen ya watse nan take, ka makara. In ya buɗe sannu a hankali, hannunka da ɗan laima, shi ke nan.

Daga nan sai sikeli. Ku auna duka ɗanye. Ku cire goyo ku auna shi daban. Ku ɗebi kilo guda na daddatsattse daga kowane iri, ku shanya a rana kuna aunawa har nauyin ya daina raguwa. Rana ba ta busarwa ƙarƙaf kamar na'urar ɗakin bincike, amma tunda duka haka aka yi masu, kwatancin ya tsaya. Ku rubuta sau nawa aka ba kowane ruwa, wane ne ya kwanta, wane ne tsutsa ta fi ci. Wannan tsutsa da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016 masara ta fi so, tana shiga cikin kunnen shuka ta cinye ganye, wato daidai abin da muke nema. In an fesa magani, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a yanka, don abin da saniya ta ci yana iya biyo nonon da ƴaƴanmu ke sha.

Sannan a tsima kowane iri daban. Tano mai lita 200 na ɗaukar wajen kilo 100 in an danne da kyau. A daddatsa ƙanana, kamar gaɓar yatsa, santimita 1 zuwa 2. Da adda ana iya yi amma aiki ne, shi ya sa injin yanka na ƙungiya ya fi na mutum ɗaya ma'ana. A zuba kaɗan-kaɗan ana tattakawa, a cika a rufe a ranar, leda ta kwanta, a ɗora ƙasa. Bayan kwana 45 a buɗe. Mai kyau launinsa kore mai ɗan rawaya, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi, ba ya yauƙi a hannu. Inda ya yi baƙi ko fari na hunhuna a kwashe a zubar, kar a ce asara, don asarar tunkiya mai ciki ta fi. Alƙali na ƙarshe su ne dabbobi: ku sa ma raguna a kwano daban-daban, da kaɗan za a fara har su saba, ku auna abin da suka bari.

Gargaɗi guda kafin in wuce. Masarar da aka ba ure da yawa sannan ta sha ƙishi tana tara wani guba a gindin kara. Irin wannan kar a ba dabba ita ɗanya. A yanke ta sama kaɗan, a bar gindin, a tsima, don tsimi na rage gubar sosai. Kuma ramin da ya yi zurfi, kwanakin farko bayan rufewa, kar a bar yara su shiga, iskar da ke fita na iya kashe mutum.

To, akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na ga wasu dattawa na girgiza kai tun ɗazu, kuma suna da gaskiya. Ƙasar da mafi yawan masarar kasuwarta daga Benin, Najeriya da Burkina take shigowa, a ce a daddatsa goyo a ba saniya? Ra'ayina shi ne, tsimin masara da goyonta na biyan kuɗinsa ne ga mai shanun nono da ke da kasuwar madara tabbatacciya, kamar masu kai madara cibiyoyin tarawa na Hamdallaye da Kollo don Yamai, ko mai turkar da ya san ranar saidawa. Ga sauran jama'a akwai hanya ta tsakiya, kuma ƴan garka sun riga sun yi rabinta. Kuna karya goyo ɗanye ku saida ma masu gashi, kuɗi a hannu. A ranar karan na nan kore shar. Maimakon a bar shi a rana ya zama itace, gara ta ci rabi, a yanke shi a ranar ko washegari, a tsima. Ba zai kai mai goyo ƙarfi ba, sai a barbaɗa dusa ana dannawa, kuma in ya cika ruwa a bar shi ya sha iska na ƴan awoyi. In wannan ce hanyarka, irin da za ka nema daban ne: wanda masu gashi ke so, kuma ganyensa ke zama kore har ƙasa lokacin karya goyo. A gwajinku ku ƙirga koren ganye nawa ya rage a kowace shuka a ranar.

Wanda kuma gonarsa jigawa ce, ba gulbi ba rijiya, ni ba zan ba shi shawarar masara ba ko wace iri ce. Dawa da hatsi su ma suna tsimuwa, kuma sun san ƙasarmu. Dawa ƙarama ko wadda ta sake toho tana da gubarta, kowane makiyayi ya sani, amma wadda ta yi kai aka tsima ta wannan matsala na raguwa ƙwarai. In za ku yi gwajin nan, ku sa layin dawa kusa da na masara, a auna su da sikeli guda.

A tuna kuma, wanda ya yanke masara tun daga gindi ya kwashe duk abin da ta ci a ƙasa, bai bar ma gona komai ba, bai bar ma garken da ke shigowa bayan sakin gonaki komai ba. Takin dabbar da ta ci tsimin dole ya koma wannan fangali, in ba haka ba shekara 3 ta isa irin da ya yi nasara bana ya kasa. Maganar kara tsakanin manomi da makiyayi kuwa, gara a zauna a yi ta tun kafin injin yanka ya iso gari.

Ga mai son fara lissafin rami tun yau: mita guda tsawo, mita guda faɗi, mita guda zurfi na ɗaukar kilo 500 zuwa 600 in an tattake da kyau. Saniyar da za a ba kilo 15 a yini har kwana 100 na buƙatar kilo 1.500, wato rami mai mita 3 a tsawo. A yi shi siriri, a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, don in an buɗe a riƙa yankar aƙalla taƙi guda daga fuskarsa kowace rana ana maida leda. Rami mai faɗi ga mai saniya 2, kafin ya ci rabi sauran ya yi zafi.

Nan zan dakata. Na ga hannuwa a sama ta wajen mata, bari mu fara da su.